Tarihin Ƙarfen da Ake Ɗaure Ƙashin Baya da Shi

In wani ya komo daga babban asibiti bayan an yi masa aiki a baya, akan ji mutane suna cewa, "An sa masa ƙarfe." Duk wanda ya taɓa ganin hoton ƙashin irin wannan mutum ba ya mantawa. Ga sanduna biyu farare fat, ɗaya dama ɗaya hagun, ga kuma sukurori a jere kamar matakan tsani. Yawancinmu mukan ɗauka cewa ƙarfen nan ya zama sabon ƙashin bayansa ke nan, shi zai ɗauke shi har iyakar ransa. Ba haka abin yake ba. Aikin ƙarfen ɗaya ne da aikin karan da maɗori yake ɗaure karaya da shi, wato ya riƙe ƙashi shiru har ƙashin ya haɗe da kansa. Likitoci sun yi wajen shekara 70 kafin su tabbatar da wannan, a jikin marasa lafiya kuwa aka koyi darasin. Ya kamata mu san labarin, gama wata rana ana iya ce wa ɗanmu ko ƙanwarmu sai an sa ƙarfe.

Bari mu fara da ƙashin bayan kansa. Gaɓoɓi 33 ne aka ɗora bisa juna: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a tsatso, sauran 9 kuma suna can ƙasa, yawancinsu a manne. A tsakanin gaɓoɓin da suke motsi akwai ɗan matashi na guringuntsi. Kowace gaɓa tana da rami, ramukan suka haɗu suka zama hanya guda, ta cikinta kuwa laka take bi daga ƙwaƙwalwa, tana kai saƙo ga hannuwa da ƙafafu da mafitsara. Saboda haka ƙashin baya yana da aiki uku: ya ɗauki nauyin jiki, ya tanƙwaru, ya kuma tsare laka. In gaɓa ta karye, ko cuta ta cinye ta, ko jerin duka ya karkace, lakar tana cikin haɗari, ita kuwa laka in ta tsinke ba ta ɗoruwa.

Zamanin da ba a iya shiga ciki

Akwai wata tsohuwar takardar Masar da aka rubuta wajen shekara 1600 kafin haihuwar Almasihu, wadda ake kira da sunan Edwin Smith, Ba'amurken da ya saye ta a 1862. A cikinta an bayyana raunuka 48. Ɗaya daga ciki mutum ne wanda gaɓar wuyansa ta goce, hannuwansa da ƙafafunsa suka mutu, fitsari yana zuba bai sani ba. Marubucin ya sa wannan cikin ciwon da likita ba zai taɓa ba. A ƙasar Girka, Hippocrates, wanda aka haifa wajen 460 kafin haihuwar Almasihu, yakan kwantar da mai doro bisa katako, a ja shi ta kafaɗu da ta ƙafafu, a danna doron da hannu ko da ƙafa. A ƙarni na 16 wani likitan Faransa, Ambroise Paré, ya sa maƙera suka ƙera wa yara masu karkataccen baya sulke na ƙarfe, aka huhhuda shi don rage nauyi. Dukan waɗannan daga waje suke tura ƙashi. Da an saki, sai baya ya koma yadda yake.

Abu uku suka buɗe ƙofa. A 1846 aka nuna maganin sa barci a birnin Boston, ya zama ana iya yanka mutum bai ji ba. A 1867 Joseph Lister ya nuna yadda ake kashe ƙwayoyin cuta a wurin aiki don kada rauni ya yi mugunya. A 1895 kuma Röntgen ya gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Cutar da ta fi tura likitoci ga ƙashin baya a lokacin ita ce tarin fuka. Ƙwayar cutar takan bar huhu ta sauka a gaban gaɓoɓin baya, ta cinye su, su rushe, baya ya yi doro mai tsini, wani lokaci ƙafafu su shanye. Likitan Landan, Percivall Pott, ya bayyana ciwon a 1779, har yau da sunansa ake kiransa.

Ƙarfe na fari, da ƙashi ba ƙarfe

A 1891 wani likita haifaffen Jamus mai suna Berthold Hadra, wanda yake aiki a jihar Teksas ta Amurka, ya ba da labarin wani mutum da gaɓoɓin wuyansa na 6 da na 7 suka goce. Hadra ya buɗe bayan wuyan, ya ɗaure tsinin gaɓoɓin biyu da wayar azurfa. Wannan ne ake lissafawa farkon sa ƙarfe a ƙashin baya. Bayansa Fritz Lange na birnin Munich ya gwada sandunan baƙin ƙarfe a gefe biyu na ƙashin, yana ɗaure su da zare, ya ba da rahotonsa a 1910. Amma jikin mutum ruwa ne mai gishiri da ɗumi. Ƙarfen ya yi tsatsa, naman kewaye ya kumbura, ɗaurin ya yi sako-sako.

A 1911 likitoci biyu a birnin New York, kowa da aikinsa dabam, suka bi wata hanya. Fred Albee ya yanko tsinken ƙashi daga ƙwaurin marar lafiyan, ya tsaga tsinin gaɓoɓin baya, ya cusa shi ciki. Russell Hibbs kuwa ya fere bayan gaɓoɓin, ya karya tsininsu ya kwantar da su bisa juna. Dabararsu ɗaya ce: su ruɗi jiki ya ɗauka an yi karaya, ya tsiro sabon ƙashi ya like gaɓoɓin su zama guda. Gaɓoɓin da suka like ba sa ƙara motsi, amma ba sa ƙara rushewa. Wannan likewar ita ce ainihin maganin, daga ranar har yau.

Wahalar ita ce jira. Ƙashi ba ya haɗewa in ana motsa shi, baya kuwa yana motsi ko da numfashi ne. Sai a sa wa yaro filasta daga wuya har ƙugu, ya kwanta wata shida ko fiye. Duk da haka sau da yawa wani wuri yakan ƙi likewa. A 1941 ƙungiyar likitocin ƙashi ta Amurka ta bincika mutum 425 da aka yi wa jiyyar karkataccen baya, ta tarar fiye da kashi biyu cikin uku sakamakonsu bai gamsar ba. Ashe ƙarfe kaɗai ya kāsa, ƙashi kaɗai kuma yana bukatar mai riƙe shi.

Maganar tsatsa ce aka fara warwarewa. Wajen 1936 likitoci biyu a Teksas, Venable da Stuck, suka nuna cewa in aka sa ƙarfe iri biyu cikin jiki, ruwan jikin yakan sa su yi aiki kamar batir, ɗaya yana cin ɗaya. Suka aro wani gaurayen ƙarfe mai suna Vitallium daga wurin masu gyaran haƙori, suka ga jiki bai ƙi shi ba. Ƙarfe marar tsatsa ma aka yi ta kyautata shi har ya isa a bar shi cikin mutum.

Harrington da yaran shan-inna

Paul Harrington, wanda aka haifa a 1911, ya sauka a birnin Houston bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A shekarun nan shan-inna tana kama yara dubbai a Amurka kowace shekara, shi kuwa aka danƙa masa kula da su a asibitin gari. Yaron da cutar ta kashe masa naman baya, ƙashin bayansa yakan karkace gefe kamar gwangwalar da aka ɗora wa kaya, haƙarƙari ya matse huhu. Filasta ba ta yiwuwa, gama ƙirjin da ya riga ya raunana ba zai jure matsi ba. Dogon aiki ma ba su da ƙarfin ɗauka.

Harrington ya yi tunanin ya sa abin tallafi a ciki. Ya ƙera sanda mai haƙora da ƙugiya biyu, ɗaya ta kama gaɓar sama, ɗaya ta kama ta ƙasa. Sai a riƙa tura ƙugiyar sama haƙori bayan haƙori, kamar yadda ake ɗaga mota da jak, har baya ya miƙe. Da fari shi da wani mai ƙera takalman guragu suke yin kayan da hannu, yana canza fasalin daga wannan marar lafiya zuwa wancan. Bai yi dashen ƙashi ba, domin yana tsammani ƙarfen ya isa, aikin kuma zai yi sauri.

A teburin aiki abin ya ba da mamaki, yara suka tashi a miƙe. Bayan watanni sai ƙugiyoyi suka fara zamewa, suna cin ƙashin da suka kama, sanduna kuma suna karyewa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ɗauki waya ka lanƙwasa ta gaba da baya, sau ɗaya ba kome, amma in ka yi ta yi za ta tsinke. Mutum yana sunkuyawa yana miƙewa dubban sau, kowane motsi kuma yana gajiyar da ƙarfen kaɗan. Ƙashi mai rai yana gyara kansa kullum, ƙarfe kuwa ba ya gyara kansa. Hausawa sun ce ƙarfe ɗaya ba ya amo, Harrington ya ga gaskiyar wannan da idonsa. Ya karɓi kuskurensa, ya haɗa sandarsa da likewar ƙashi irin ta Hibbs. A 1962 ya buga rahoton mutum 129, daga nan sandar Harrington ta bazu a duniya, ta yi fiye da shekara 20 ita ce kan gaba. Likitocin baya har yau suna da wata magana, cewa kowane aiki tsere ne tsakanin haɗewar ƙashi da karyewar ƙarfe.

Sandar tana da nata aibi. Tun da wuri biyu kaɗai ta kama, dole marar lafiya ya sa filasta ko rigar tallafi na watanni bayan aiki. Kuma ita miƙaƙƙiya ce sak, alhali bayan mai lafiya yana da lanƙwasa ta halitta a tsatso. Waɗanda aka kai musu sandar har ƙasa, bayan shekaru da yawa waɗansunsu suka kāsa tsayawa a miƙe, suna tafiya a sunkuye da ciwo, har aka sāke musu aiki. Ja da ƙarfi kuma yana iya cutar laka. Don haka a 1973 likitocin Faransa, Vauzelle da Stagnara, suka kawo dabarar farkar da marar lafiya kaɗan a tsakiyar aiki, a ce ya motsa yatsun ƙafa, sa'an nan a mai da shi barci. Yanzu a manyan asibitoci na'ura ce take sauraron saƙon laka tun daga farkon aiki har ƙarshe.

Riƙo a kowace gaɓa

Gyara na gaba ya fito daga ƙasar matalauta. Eduardo Luque yana aiki a birnin Meziko a shekarun 1970, marasa lafiyarsa kuwa yaran shan-inna ne daga ƙauyuka masu nisa, ga zafi, ga rashin kuɗin komowa asibiti a duba filasta. Sai ya lanƙwasa sanduna biyu daidai da siffar baya, ya ɗaure su da waya a kowace gaɓa. Nauyi ya rarrabu a wurare da yawa, yaro ya tashi ba filasta. Haɗarin shi ne wayar tana bi ta kusa da laka.

A birnin Paris kuma Raymond Roy-Camille ya lura cewa kowace gaɓa tana da 'yan ginshiƙai biyu masu ƙarfi, ɗaya a dama ɗaya a hagun ramin laka, waɗanda suka haɗa bayan gaɓar da gabanta. Tun 1963 ya fara ɗaura sukuru ta cikin ginshiƙan nan, ya buga aikinsa a 1970. Wurin ƙunci ne ƙwarai, in sukuru ya kauce kaɗan sai ya taɓa jijiya, amma riƙonsa ya fi na ƙugiya da waya nesa. A 1983 Yves Cotrel da Jean Dubousset suka yi aiki na fari da tsarinsu na sanduna biyu da ƙugiyoyi da yawa, wanda yake juya ƙashin baya ya komo wurinsa maimakon jansa kawai. A 1995 Se-Il Suk na Koriya ta Kudu ya nuna ana iya sa sukurori har a gaɓoɓin bayan ƙirji. Sanduna biyu da jerin sukurori da muke gani a hoto yau daga nan suka fito. Yawanci da ƙarfen titaniyam ake yinsu, gama jiki yana karɓarsa, ba ya kuma ɓata hoton na'urar MRI sosai.

Har dawaki sun ba da tasu gudummawa. Wani likitan ƙashi a Amurka, George Bagby, ya ƙera ɗan kwando na ƙarfe mai huji-huji domin dawakin da gaɓar wuyansu take matse laka suna tangaɗi. Akan cika kwandon da garin ƙashi, a cusa shi tsakanin gaɓoɓi biyu, ƙashi ya tsiro ta cikin hujin ya haɗa su. An gyara shi domin mutane, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1996. A lura, ko wannan ma ƙashi ne a cikinsa.

Da kayan suka yi kyau, kasuwa ta shigo. A ƙarshen 1993 wani shirin talabijin a Amurka ya nuna mutanen da sukurori suka karye a bayansu, dubban mutane suka kai ƙara, kamfanin AcroMed ya yarda ya biya dala miliyan 100. A 1998 hukumar ta amince da sukurorin domin waɗansu cututtuka da ta ambata. Tambayar da ta rage ita ce, wa ya kamata a sa wa? A 2005 wani bincike a Ingila kan mutum 349 masu daɗaɗɗen ciwon tsatso ya nuna aikin bai fi motsa jiki na musamman ƙarƙashin kulawar masana da wani abin kirki ba. A 2016 hukumar da take ba asibitocin Ingila shawara ta ce kada a yi wa mai ciwon baya kawai wannan aiki, sai dai cikin bincike. Gaɓoɓin da aka like ba sa komowa, na sama da na ƙasa da su kuma sukan ɗauki ƙarin wahala.

Abin da Ibadan da Akara suka koyar

Mu koma kan tarin fuka, gama a ƙasashenmu har yanzu tana cikin manyan masu kawo doro. Magungunanta sun fito a shekarun 1940 da 1950. A 1956 Hodgson da Stock a Hong Kong suka nuna yadda ake shiga ta gaba, a kwashe ruɓaɓɓen ƙashi, a dasa haƙarƙari a gurbinsa. Amma a asibitin koyarwa na Ibadan gadaje ba su isa ba. Konstam da Blesovsky suka riƙa ba marasa lafiya magani suna tafiya gida da ƙafafunsu, ba filasta, ba kwanciya. A 1962 suka ba da rahoto cewa yawancinsu sun warke. Likitocin Turai da yawa ba su gaskata ba, sai majalisar binciken likitanci ta Birtaniya ta shirya gwaji a Koriya, da Bulawayo, da Hong Kong, da Madras. Sakamakon ya nuna magani kaɗai yana warkar da mafi yawa, aikin Hong Kong kuwa yana sa ƙashi ya haɗe da sauri, doro kuma ya ragu. Saboda haka yau mai tarin fukan ƙashin baya magani ake fara ba shi, na wata 6 zuwa 12. Ana kai ga ƙarfe in ƙafafu suna ƙara shanyewa, ko gaɓoɓi sun rushe har baya ba ya tsayuwa, ko doro ya yi tsanani.

Ga waɗanda lalle sai an yi musu aikin, hanya ta fara buɗewa a yankinmu. Oheneba Boachie-Adjei, haifaffen Kumasi, ya yi karatun likita a Amurka har ya shugabanci sashen karkataccen baya a wani babban asibitin ƙashi na New York. A 1998 ya kafa gidauniyar FOCOS, a 2012 aka buɗe asibitinta a Akara. Yara sun zo can daga Ghana, da Habasha, da waɗansu ƙasashe, waɗansu da baya a naɗe har ba sa iya numfashi sosai. Irin waɗannan ba a gaggauta musu. Akan ɗaura musu zobe a ƙoƙon kai, a rataya nauyi ana ƙarawa kaɗan kaɗan na makonni ko watanni, baya yana saki a hankali, sa'an nan a sa sanduna a yi dashen ƙashi. Jan da Hippocrates ya fara, da likewar Hibbs, da sandar Harrington, duk sun haɗu a gadon yaro ɗaya.

Shan-innar da ta sa Harrington ya fara aikinsa, allurar rigakafi ce ta kore ta daga Amurka bayan 1955, a watan Agusta na 2020 kuma aka shaida cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. Yaran da ɗigon rigakafi ya tsare sun fi waɗanda sanda ta miƙar yawa ƙwarai.

To, 'yan'uwa, ga abin da tarihin nan ya bar mana. In yaro yana ciwon baya na makonni, da zazzaɓin dare, da rama, ko aka ga wani tsini ya fara fitowa a gadon bayansa, a kai shi a gwada tarin fuka tun ƙafafu ba su yi nauyi ba. In yarinya mai tasowa ta sunkuya aka ga gefe ɗaya na bayanta ya fi ɗaya tudu, a kai ta a duba, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya faɗo daga itace ko babur yana kukan wuya ko baya, kada a naɗe shi a sa a mota, a ɗauke shi a kwance bisa katako. In kuwa likita ya ce sai an sa ƙarfe, ba laifi ba ne a tambaye shi gaɓoɓi nawa za a like, daga ina za a samo ƙashin dashe, me zai faru in ba a yi aikin ba. Bayan aiki kuma, ko da ciwo ya tafi, a kiyaye dokar da aka bayar game da ɗaukar kaya da noma, a bar taba, gama tana hana ƙashi haɗewa, a ci abinci mai gina jiki, a koma a ɗauki hoto a ranar da aka sa. Haɗewar takan ɗauki wata 6 zuwa shekara guda. Sai ranar da hoto ya nuna ƙashi ya like za a ce aikin ya kammala.